Ganyen Kyanwa: Daɗi da Iyakarsa

A ƙasashen Turai da na Asiya akwai wani ɗan tsiro, dangin na'ana'a, wanda Turawan Ingila su ke kira katnif, watau ganyen kyanwa. Tsawonsa kamar ƙafa uku, ganyensa toka-toka, furensa fari. Tun zamanin da mutanen can su kan dafa shi su sha kamar shayi. Amma ba wannan ya sa ya yi suna ba, sai abin da ya ke yi wa kyanwa.

Da kyanwa ta shaƙi ƙanshinsa sai natsuwarta ta gudu. Ta lashe shi, ta tauna, ta goga kumatu, ta yi ta birgima a kansa, sai ka ce mai bori. Ba kowace kyanwa ya ke kamawa ba, sai kamar biyu cikin uku, gama abin gado ne. 'Ya'yanta ƙanana kuwa ba ruwansu da shi. Har zaki da damisa ma ya kan taɓa su.

A shekarar 1941 wani masani, Samuel McElvain, na Jami'ar Wisconsin a Amurka, ya ware wani mai daga ganyen, ana kiransa nefetalakton. Ta hanci ya ke aikinsa. Tsiron kuwa ba don kyanwa ya ke yin man nan ba, sai don ya kori ƙwarin da ke cinsa.

An daɗe ana ɗaukan birgimar nan maye ne kurum. Sai a 2021 masanan Jami'ar Iwate a Japan suka gwada wani tsiron ƙasarsu mai irin wannan mai. Suka tarar jikin kyanwa ya kan saki wani abu mai kawo daɗi da kashe zafi, kuma in man ya shafu a gashinta sauro ya kan guje ta. Ashe abin da aka zaci hauka ne, da magani a cikinsa.

Ga kuma abin da ya fi ban mamaki. Bayan kamar minti goma sai kyanwa ta tashi, ta karkaɗe jiki, ta yi tafiyarta. Ko an sa mata ganyen a hanci ba ta kula ba, sai an jima. Ba ta barin abinci dominsa, ba ta ramewa in ta rasa shi.

To, a nan tambaya ta ke. Wa ya fi kamun kai, kyanwa ko mutum? Wani zai ce kyanwa, tun da ga magidanci ya kan ƙarar da kuɗin hatsi a wurin caca ko giya, iyalinsa na kwana da yunwa. Amma in an duba, kyanwa ba ta cancanci yabo ba. Ba ita ta hana kanta ba, an halicce ta ne da linzaminta a cikin jiki. Mutum kuwa aka ba shi hankali, aka danƙa masa linzamin a hannu. Wannan ita ce darajarsa, ita ce kuma hatsarinsa, gama abin da ke hannu ana iya sakinsa.

Saboda haka daɗi ba abin zargi ba ne don kansa. Ubangiji ya kan ɓoye amfani a cikinsa, kamar yadda ya sa daɗi a abinci don jiki ya rayu. Sai dai mai hankali ya kan auna kowane daɗi da abu biyu: wane amfani ya bari bayan ya wuce, kuma yana iya tashi ya bar shi sa'ad da ya so? In amsar ta zama babu, to, ya tabbata kwaɗayi ne, mabuɗin wahala. Ranar da mutum ya kasa tashi daga abin da ya ke so, ran nan kyanwa ta fi shi.