Tarihi Ɗaya, Allo Biyu

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka sani cewa tarihi shaida ce, kuma wanda ya faɗi rabin shaida ya ɓoye rabi bai sauke amana ba. Wannan ne ke damuna game da yadda ake karantar da yaranmu a Najeriya da Nijar.

An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, garin da yau ke cikin Nijar. Ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya bi shi Agadas. Ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, jihadi ya tashi, Alkalawa, birnin Gobirawa, ta faɗi a 1808. Da Katsina ta koma hannun masu jihadi, sarakunanta na dauri suka yi arewa, daga bisani suka zauna Maraɗi, inda har yau ana kiran mai sarautar Sarkin Katsina. Gobirawa kuwa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Yaron Sakkwato yana jin labarin nasara, na Maraɗi yana jin labarin kakannin da suka ƙi miƙa wuya. Kowanne ya riƙe gaskiya, amma guntuwa. Iyakar da ta raba su ma ba kakanninsu suka shata ta ba, Ingila da Faransa ne suka yi ta ja tsakanin 1890 da 1906.

Wasu ƙasashe sun gwada gyara irin wannan. Faransa da Jamus, duk da jinin da ya zuba tsakaninsu, sun fitar da littafin tarihi guda na sakandare a 2006. Mu da muke salla sahu ɗaya, muke auratayya, muke cin kasuwar Jibiya da ta Illela tare, me ya hana mu?

Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Hukumar UNESCO ta fara haɗa tarihin Afirka tun 1964. Cibiyar CELHTO a Yamai tana tattara tarihin baka tun 1968. Yusufu Bala Usman ya yi bincike kan Katsina, Djibo Hamani kan Adar da Abzin. Abin baƙin ciki, ɗaya da Ingilishi ya rubuta, ɗaya da Faransanci, alhali da yawa daga jikokin waɗanda aka rubuta labarinsu Hausa suke yi.

Aikin haɗa littafi guda yana da wuya, domin dole a ambaci hare-hare da kamun bayi daga kowane ɓangare ba tare da zagin mamaci ba. Adalci wajibi ne ko a kan dangi.

Ina roƙon Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, ta tara malaman jami'o'in Sakkwato, Katsina, Maraɗi da Damagaram su rubuta wa 'yan makaranta littafi guda da Hausa. Allah Ya ba su ikon yi.