Hakkin Ɗan Ruga A Kan Mutanen Gari

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan yaron da aka haifa a ruga take, watau ɗan makiyayi, da hakkin karatu da yake bin mutanen gari da hukuma. Na sani wannan magana tana da nauyi ga kunnen mutumin Sabon Birni ko na Isa. Wanda ya rufe 'yan'uwansa a watan Mayu na 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka auka wa Garki da Kuzari da ƙauyukan kewaye suka kashe mutum fiye da sittin, ko wanda nasa suna cikin matafiyan da aka ƙone a mota wajen Gidan Bawa a Disamba 2021, ko wanda ya kwashi iyalinsa ya ƙetara ƙasar Maraɗi da tabarma kaɗai, in ka ce masa a gina wa 'ya'yan Fulanin daji makaranta, ba mamaki ya juya maka ƙeya. Ba mu ga laifinsa ba. Wanda ya zub da jini Shari'a ta san hukuncinsa, ba kuwa mai roƙa masa sassauci a wannan fili. Amma aya ta 164 ta Suratul An'am ta riga ta yanke cewa laifin wani ba ya hawa kan wani. Yaro ɗan shekara bakwai mai bin maruƙa bai kashe kowa ba, wataƙila ma ubansa na cikin waɗanda aka fara kore wa shanu.

Alƙur'ani mai girma ya yi maganar Larabawan ƙauye a Suratut Tauba. A aya ta 97 ya nuna su ne suka fi kusa da rashin sanin iyakokin abin da Allah ya saukar, malaman tafsiri kuma suka ce dalili shi ne nisansu da majalisun ilmi. Aya biyu a gaba sai ya yabi masu imani daga cikinsu. Ashe ke nan cutar ba a jini take ba, a nisa take. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da maganin nisan ya yi aiki. Maliku ɗan Huwairisu da samarin ƙabilarsa sun kwana ashirin a wurinsa, da ya ga sun yi begen gida sai ya mai da su su koya wa mutanensu. Baƙauyen nan da ya yi fitsari a masallaci kuwa, sahabbai sun taso masa, Annabi ya hana su, ya sa aka zuba ruwa a wurin, sa'an nan ya kira shi ya karantar da shi cikin taushi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, a ƙasar Gobir ɗin nan aka yi. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo yana yi wa jama'a wa'azi da Fulatanci da Hausa, kowa da harshen da yake ji. A littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ba ta jira matan ƙauye su gane hanyar makaranta da kansu ba, jajis ta naɗa suna kai musu karatun har gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ɗauki zaunar da makiyaya aikin addini. Ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, inda kabarinsa yake, ya jawo Fulanin daji zuwa cikinsu domin su koyi noma, su sami Sallar Juma'a da alƙali, 'ya'yansu kuma su yi karatu. Bai ce sai ƙasa ta lafa ba tukuna, cikin tsakiyar yaƙe-yaƙe ya yi wannan aiki.

Daga baya fa? Shekaru da yawa mai karɓar jangali ya san kowace ruga, ya san yawan shanun da ke cikinta har ɗan maraƙi, amma malamin makaranta bai san hanyarta ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya da doka ta 41 ta 1989, da hedkwata a Kaduna. Niyyar ta yi kyau. Sai dai a wurare da dama gonaki sun cinye burtali da mashaya, makaranta kuwa ta zama allo a bakin hanya: malami ba ya zuwa, in ya zo ba ya jin Fulatanci, lokacin darasi kuma ya ci karo da lokacin kiwo. Yaron da ya tashi bai san Fatiha daidai ba, bai san haramcin jinin mutum ba, bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan Bagobiri ba, ran da wani ya miƙa masa bindiga me zai hana shi karɓa?

Akwai abin lura a Turai. Suna da wata al'umma da ake kira Roma, waɗanda asalinsu daga Indiya ne, suka daɗe ana ƙyamarsu ana yi musu kuɗin goro da sunan sata. A ƙasar Cek an riƙa tura 'ya'yansu makarantun masu raunin ƙwaƙwalwa, har iyaye daga garin Ostrava suka kai ƙara, Kotun Kare Hakkin Ɗan Adam ta Turai ta yanke a 2007 cewa wannan wariya ce. Watau ba a hana su makaranta ba, an ba su ta dabam ce, mara daraja. Mu ma in muka ware ɗan ruga a rumfar kara, ɗan gari yana aji mai rufin kwano, rabuwar muka ƙara wa tsawo. A ganina makarantar ruga ta zama tsani kurum: yaro ya yi ajin farko kusa da uwarsa da harshensa, sa'an nan ya shiga firamaren gari tare da kowa.

Sauran aikin na malamai ne da masu hali. Karantar da wanda bai san farillan da ke kansa ba farali ne na kifaya, in ba wanda ya yi, duk gari ya ɗauki zunubi. Muna kashe kuɗi mu tara lasifika a yi wa'azi ga waɗanda suka ji shi sau ɗari, ga ruga tafiyar rabin sa'a ba mai leƙa ta. Inda hanya ba ta da aminci kada kowa ya jefa kansa ga halaka, amma akwai makiyayan da suka matso gefen gari suna gudun ɓarayin da muke gudu, nasu 'ya'yan a gabanmu suke. Liman ya yi magana da arɗo a kawo su makarantar allo da dare, bayan an ɗaure shanu. Masu fid da zakka su tuna da marayun ruga kamar yadda suke tuna marayun gari. Sarakuna da ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni su nemi samarin Fulani da suka yi karatu a horar da su malanta, a biya su albashi a kan kari. In kuwa aka buɗe aji domin 'ya'yan manoman da aka kora daga Gatawa da maƙwabtanta, waɗanda su ma karatunsu ya tsaya, a rubuta sunan ɗan makiyayi a rajista ɗaya da nasu.