Canja wili da tazarar birki a ma'aunin shari'a

Wilin mota ba ya juyawa shi kaɗai. A cikinsa akwai faifan birki da kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan idan direba ya taka birki. Tsakanin kalifa da jikin wili akwai 'yar tazara wadda masu ƙera motar suka auna, kuma makanikai da yawa ba sa yarda ta gaza milimita 3, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, wili kuma yana ɗan lanƙwasa a kwana.

Matsalar ta fi bayyana a tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna, a masana'antar PAN da ta fara aiki a 1975. Motar tana da tarihin tsere: ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, 'yar'uwarta mai ƙofa biyu ta sake lashewa a 1978. Wanda ya gaji irinta a Lafia yakan so ya ƙawata ta da wilin alminiyam na zamani. Sai dai ramukan notinta huɗu suna kan da'ira mai faɗin milimita 140, awon da motoci kaɗan suka yi tarayya da ita a kai, don haka wilin Toyota ko na Honda ba ya shiga. Daga nan dabaru ke farawa. Wani ya huda sababbin ramuka, wani ya sa ƙarfe a bayan wili don ya turo shi waje, abin da ke rage zaren da noti ke kamawa ya kuma ƙara wa boris nauyi. Mafi muni shi ne a goge jikin kalifa da injin gurza har wili ya daina gogarsa.

Shari'a ba ta hana ado ba, kuma mota dukiyar mai ita ce. Tambayar ita ce inda ikon mai dukiya ya tsaya. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 1388, ya yi bayani a Al-Muwafaƙat cewa maslahohi hawa uku ne: larura, buƙata, sai ƙawa. Kare rai yana hawa na farko, kyan wili yana na uku, kuma ba a riƙe abin ƙawa idan riƙe shi zai rushe larura. Birki larura ne ga mutanen da ba a yi shawara da su ba: fasinja, ɗan acaɓa, yarinya mai talla a bakin titin Makurdi. Motar da za ta sauko gangaren Nasarawa Eggon a hanyar Akwanga da kalifar da aka rage wa ƙarfi, rayukan waɗannan take ɗauke da su.

Akwai mai cewa komai ƙaddara ne, kuma motar ta yi shekara tana tafiya lafiya. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Imani da ƙaddara bai ɗauke wa mutum riƙon sababi ba, kuma lafiyar jiya ba ta auna ƙarfen ba. Jinkirin lalacewa kawai ta nuna. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo.

Nauyin bakanike ya fi na mai mota, don shi ne masani. Malikiyya sun shahara da lamuntar da masu sana'a abin da ya lalace a hannunsu, saboda jama'a ba su da makawa sai sun amince musu. Mai mota ado yake gani, bakanike kuwa ya san abin da injin gurza ya cinye. Cewar mai mota ne ya matsa ba ta wanke shi, domin izinin mutum yana aiki a kan haƙƙinsa ne, ba ya kaiwa ga jinin wani. Abin takaici ne yadda tsoron rasa kwastoma ke rufe bakin wanda ya kamata ya ce a'a.

Canjin ya halatta idan an cika sharuɗɗansa. Awon ramuka ya dace ba tare da huji ba, ramin tsakiya ya zauna daram, noti ya kama zare aƙalla gwargwadon kaurin ƙusarsa. A ɗaga motar a juya wili da hannu, a murza sitiyari dama da hagu har ƙarshe, a duba har dalmar da mai faci ke liƙawa a ciki don daidaita taya. Idan kuma an zo sayar da motar, wajibi ne a faɗa wa mai saye duk abin da aka huda ko aka goge, domin ɓoye aibi algus ne, kuma mai saye yana da ikon mayar da ita idan ya gano.