Karatun Da Ba A Neman Aiki Da Shi

Idan dattijo mai shekara 70 ya ce zai koma karatu, abin da ake fara tambayarsa, ko a fili ko a zuci, shi ne me zai yi da shi. Tambayar ta samo tushe daga wata fahimta da ta shige mu tun da boko ya zauna da gindinsa: ilimi jari ne, a zuba shi da ƙuruciya, a kwashi ribarsa da albashi. A bisa wannan ma'auni, wanda ya yi ritaya ya gama da littafi, sai carbi da tabarmar ƙofar gida. Ni kuwa ina ganin ma'aunin ne ke da gyara, kuma wayar da ke aljihun kowa a yau ta sa ba mu da sauran uzurin ƙin gyara shi.

A da, tsohon da ya so karatu yana da dalilai na gaskiya da ke tare shi: nisan zauren malami, ciwon gwiwa, kuɗin littafi, da nauyin zama sahu ɗaya da sa'annin jikokinsa. Yanzu mafi yawan waɗannan sun kau. Tarjamar Alƙur'ani ta Hausa da Shaikh Abubakar Gumi ya yi tana shiga waya kyauta. Tafsirin Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, yana nan a YouTube, haka ma karatuttukan malaman Tijjaniyya da Ƙadiriyya. Mai Larabci yana da Maktaba Shamila da dubban littattafanta. Mai Turanci yana iya bin darussan jami'ar MIT ta Amurka, wadda ta sanar a 2001 cewa za ta buɗe su ga kowa, ko ya koyi lissafi daga farko a Khan Academy. Galibin wannan karatu ba ya kai mutum ga takardar shaida, ballantana aiki, don haka wanda ya zauna masa ya zauna ne domin sanin kansa.

Addini bai taɓa ɗaura ilimi a kan shekaru ba. Imamul Buhari, a cikin babin ilimi na Sahihinsa, ya ja hankali cewa Sahabbai sun yi karatu ne da girmansu. Suratul Kahfi ta ba da labarin Annabi Musa, yana Manzo mai jama'a, ya yi doguwar tafiya ya nemi izinin bin wani bawan Allah don ya koya daga gare shi. Mu ma a nan gida muna da namu misalin. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru, dattijan mata ta zaɓa su zama jaji, ta naɗa musu malfa. Su ne suke takowa daga ƙauyuka su haddace karatu a gabanta, su koma su koyar da matan da hidimar aure ta riƙe a gida. Ta ga cewa tsohuwa ce ta fi kowa sukuni da kwarjini, sai ta ɗora ilimin mata a kanta. Da Bahaushe ya ce gemu ba ya hana ilimi, abin da ya gani da idonsa ya faɗa.

Za a ce ƙwaƙwalwar tsoho ba ta riƙo, abin da ya koya da safe ya zube kafin la'asar. Akwai gaskiya a ciki, domin hadda takan yi nauyi da shekaru. Sai dai fahimta ba ta tafiya tare da hadda. Wanda ya binne iyayensa, ya aurar da 'ya'ya, ya ga fari da yunwa, idan ya ji tafsirin Suratu Yusuf yana jin abin da ɗan shekara 15 ba zai ji ba ko da ya haddace surar tsaf. Kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha ya yi wa mai karanta Alƙur'ani da ƙyar, yana tuntuɓe, alkawarin lada biyu. Ke nan wahalar da ake tsorata tsoho da ita tana cikin abin da ake saka masa. A nan na'urar ma tana da wani haƙuri da ɗan Adam ba shi da shi. Hajiya tana iya maimaita aya ɗaya sau 20, ta rage saurin muryar mai karatu, ta ƙara girman harafi har ya cika fuskar wayar, ba wanda zai yi tsaki, ba yaron da zai ƙunshe dariya.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ban ga hanyar kauce mata ba. Malamanmu sun daɗe suna cewa ilimi daga bakin malami ake karɓarsa, kuma waya ba ta jin kuskuren mai karatu balle ta gyara masa mafitar harafi. Ga shi intanet ba ta tace kowa, mai ilimi da mai hayaniya duk rawani ɗaya suke sanye da shi a bidiyo, tsohon da bai saba ba kuwa yana iya ɗaukar duk abin da aka turo masa a WhatsApp a matsayin fatawa. Wannan gaskiya ce. Amma abin da take nunawa shi ne matsayin da ya dace a ajiye wayar: matsayin littafi da kaset. Iyayenmu sun yi shekara da shekaru suna sauraron tafsiri a Rediyon Kaduna cikin azumi, ba wanda ya ce sun daina buƙatar limamin unguwa. Mutum ya saurara a gida, ya kai abin da ya shige masa duhu wurin malamin da ya san fuskarsa, ya biya masa karatunsa ko sau ɗaya a mako.

Saura batun kyautar kanta, wadda ba ta cika kyauta ba. Data kuɗi ce, caji sai da wuta, kuma mafi yawan darussan kimiyya da lafiya da Turanci suke. Na ƙarshen nan aiki ne a wuyan masu ilimin cikinmu, su yi bayanin hawan jini da ciwon suga da rabon gado da Hausar da kaka za ta gane. Sauran kuwa ba su fi ƙarfin gida ba. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da irinta a kowane gari, ana tura karatu cikin memori a saurara ba tare da data ba.

Don haka maganata ga 'ya'ya da jikoki take. Mun iya saya wa Baba waya mai tsada mu bar shi da ita yana amsa kira kawai. Ku zauna kusa da shi yau bayan sallar isha'i, ku tambaye shi abin da ya daɗe yana son ya sani, ku nemo masa, ku nuna masa inda zai taɓa. Gobe idan ya manta, ku sake nuna masa ba tare da ɗaure fuska ba.