Wa Zai Biya wa Ɗan Talaka Kuɗin NECO?

A shekarar 2007 wani lauya a Maiduguri, Zannah Mustapha, ya buɗe makaranta da yara 36, ya sa mata suna Future Prowess. Ba a biyan ko sisi. Yaro zai samu yunifom, ya ci abinci, in zazzaɓi ya kama shi a duba shi. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke, sai ga marayun jami'an tsaro da na 'yan ƙungiyar zaune a aji guda. A 2017 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen, lokacin ɗalibansa sun kai ɗaruruwa.

Abincin nan da yunifom ɗin su ne abin da ya kamata al'umma ta tsaya ta duba, domin nan gizo yake saƙa.

Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Haka yake a takarda. Duk da haka asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yaran Najeriya fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Abin da ke korar ɗan talaka daga aji ƙananan kuɗi ne masu zuwa a kai a kai: sandal ya tsinke, littafin rubutu ya cika, an ce a kawo kuɗin PTA, ga kuɗin tara, ga na adaidaita sahu da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Uwar da farantin tallar 'yarta ne ke kawo kuɗin cefane, ranar da yarinyar ta tafi makaranta tukunya ce ba za a ɗora ba. Wanda kuwa ya daure har aji shida na sakandare, sai ya tarar da kuɗin NECO ko WAEC a gabansa. In bai haye jarrabawar tantancewa ta kwalifayin ba, a jihohin da gwamnati ke biya wa waɗanda suka ci, shi ke nan, shekara goma sha biyu ta tafi ba takarda.

Masu hannu da shuni sun yi abin a yaba. Gidauniyar Aliko Dangote ta gina ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ASR Africa ta Abdul Samad Rabiu, wadda aka kafa a 2021, ta ba jami'o'i tallafi mai tsoka. Sai dai mai cin moriyar waɗannan shi ne wanda ya riga ya kai jami'a. Yaron da ya bari a aji uku ya koma garejin kanikawa ba zai taɓa kwana a ɗakunan ba.

Akwai kuma gyara a yadda ake kyauta. Ana son abin da ido zai gani: buhunan shinkafa a watan azumi, Umara duk shekara, sabon masallaci kusa da wani masallacin da bai cika sahu biyu ba. Ba wanda ya raina waɗannan, lada na wurin Allah. Amma kuɗin kujerar Umara ɗaya zai biya wa ɗalibai masu yawa jarrabawa. Haka ɗan siyasar da ke raba fom ɗin JAMB ana ɗaukar hoto. Idan yaron ya samu gurbi, ga kuɗin rajista ya zo, sai a nemi mai girma a rasa. Ɗaukar nauyin karatu aikin shekaru ne, wanda ya fara ya yi niyyar kai yaron ƙarshe.

Musulunci kuwa ya tanadi hanyar da taimako zai ɗore, wato waƙafi. Da dukiyar gadonta Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas a 859, wanda ya zama cibiyar ilimi har yau, kuma waƙafi ne ya riƙe Azhar ɗaruruwan shekaru. Attajirin da ya keɓe shago ɗaya a Kantin Kwari ya ce kuɗin hayarsa na karatun marayun unguwarsu ne, a rubuce, da shaidu da amintattun masu kula, ya kafa abin da magada ba za su raba ba. Jihar Sakkwato ma tana da hukumar zakka da waƙafi da ke irin wannan aiki.

Nauyin bai tsaya kan attajirai ba. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin liyafar shekara, matan da ke zubin adashi, 'yan kasuwar layi guda, kwamitin masallaci, kowanne zai iya ɗaukar yaro ɗaya ko biyu. Hedimasta da mai unguwa sun san gidan da ake kwana da yunwa, su za a tambaya, kada a bar abin ga 'yan uwa da abokai. A biya kuɗin kai tsaye a makaranta a karɓi rasit, a ƙarshen kowane zango kuma wani daga cikin masu zubin ya je ya duba sakamakon yaron, ya ji ko kwana nawa ya yi fashi da dalilin fashin.