Gidan kifin da ke mayar da kifinsa teku

A gaɓar yammacin tsibirin Bankuba na Kanada akwai wani ɗan garin masunta, Ucluelet, mai gidan nunin halittun ruwa da ba ya riƙe abin da ya kama. An fara shi a 2004 cikin 'yar rumfa a bakin tasha, ya samu gininsa na dindindin a 2012. Kafin buɗewar kowace shekara ana ɗebo ƙaguwa da ƙananan kifaye da taurarin teku daga ruwan da ke kewaye da garin, a zuba su a tankunan gilashi da ake zuƙo wa ruwa daga tekun kai tsaye. In lokacin rufewa ya zo, mutanen gari su fito da bokitai a mayar da su inda aka ɗauko su.

Ni dai tsare halitta don kallo kawai bai taɓa kwanta mini ba. Na san hukuncin. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sun kuma ruwaito cewa ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana ba. Daga nan malamai suka ce tsarewa ta halatta matuƙar za a ciyar, a kula. To, amma aya ta 38 ta Suratul An'am ta kira dabbobi al'ummu irinmu, kuma wanda aka cire daga cikin al'ummarsa, ko da an cika masa ciki, an rage masa wani abu.

Wani zai ce ai sakin ne zalunci: a tanki ba mai cin dabbar, a teku kuwa ƙila gobe ta zama kalacin wani. Ban yarda ba. Ɗauki oktofus, babbar dabbar nan mai hannaye 8 ta tekun Fasifik. Shekara 3 zuwa 5 take yi a duniya, sau ɗaya take haihuwa, ta zauna gadin ƙwayayenta watanni tana ƙin abinci, su ƙyanƙyashe ta mutu. Wanda ya killace ta ita kaɗai har ƙarshen ranta ya tsare mata jiki, ya hana ta abin da aka halicce ta ta yi. Tausayin da ya kai nan ya fara zama mallaka.

Me zai sa a ɗauko su tun farko? Saboda abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta yi masa kuka. Tun 2013 wata cuta ta afka wa taurarin teku a wannan gaɓa, jikinsu ya riƙa narkewa. Mafi girmansu, mai hannaye har 24, an rasa fiye da kashi 90 cikin 100 nasa, a 2020 aka saka shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Shi ke cin bushiyar teku; da ya tafi, bushiya ta yi yawa ta cinye dazuzzukan ciyawar ruwa inda ƙananan kifaye ke fakewa. Duk wannan a ƙarƙashin ruwa ya faru, mai tafiya a bakin gaɓa bai ga komai ba. Yaron da ya taɓa tsayawa gaban gilashi ya ga ɗaya yana rarrafe, shi ne zai ji zafin labarin.

Don haka na karɓi hujjar, amma a matsayin aro, kuma aron da ba a nemi izinin mai rai ba gara ya gajarta. Watanni a Ucluelet sun yi mini yawa. A Tobermory ta Sikotilan, inda aka buɗe irinsa a 2015, kimanin mako 4 suke riƙe dabba su mayar, kuma nasu tsarin na fi so.