Kada Mu Gaji da Mai Baƙin Ciki



A Magajin Gari da ƙauyukan dajin Birnin Gwari, muna da waɗanda suka kuɓuta daga masu garkuwa, amma zuciyarsu ba ta kwanta ba: ba barci, sai fushi da zargin kowa. Mukan ce mugun hali ne, alhali wani lokaci ciwon baƙin ciki ne ya haɗu da daɗaɗɗiyar lalurar hali.

Annabi Iliya ma ya roƙi mutuwa a jeji (1 Sarakuna 19). Allah ya ciyar da shi, sa'an nan ya gyara tunaninsa: ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum 7,000.

A shekarun 1960 likita Aaron Beck na Amurka ya tsara magani ta hanyar zance: majiyyaci yakan auna tunaninsa da gaskiya, ya sake al'adunsa kaɗan kaɗan. Inda lalurar hali take, yakan ɗauki lokaci.

Saboda haka mu raka su asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna, muna addu'a, ba tare da gajiya ba. Amin.